Sharhi kan MySQL 8.0: umarnin da ke kiran kansa

Idan kana da teburin ma'aikata da kowane layi ke nuna shugaban ma'aikaci, kuma kana son ajiyayyen umarni (PROCEDURE) ya bi jerin har ƙasa yana kiran kansa, MySQL, manhajar rumbun bayanai, zai taka maka birki tun a kiran farko. Saitin max_sp_recursion_depth, mai iyakance zurfin kiran kai, a 0 yake zuwa, sai kuskure 1456 ya fito. Wannan abin yabawa ne, domin sai ka ɗaga shi da gangan. Iyakarsa 255, amma gara a sa shi da SET SESSION, wato na zamanka kaɗai, daidai zurfin bayanan, kamar 20, kada a taɓa GLOBAL mai shafar kowa. FUNCTION kuwa, wato ajiyayyen aiki mai mayar da ƙima, ba a yarda ya kira kansa ba sam, kuskurensa 1424.

Raunin saitin shi ne ƙirga zurfi kawai yake yi, ba ya gane zagaye. Idan an rubuta ma'aikaci na 7 shugaban na 12, na 12 kuma shugaban na 7, umarnin zai yi ta juyawa har ya ci iyaka. Muddin autocommit, mai tabbatar da kowane canji nan take, na kunne, duk UPDATE ɗin da aka yi kafin nan ya zauna daram. Saboda haka a buɗe START TRANSACTION, mai haɗa canje-canje su zama aiki guda, a umarni na waje, tare da EXIT HANDLER mai yin ROLLBACK, wato soke canje-canjen idan kuskure ya faru. Kada a sa START TRANSACTION cikin mai kiran kansa, don kowane sabon START TRANSACTION yana tabbatar da aikin baya ba tare da ya sanar ba.

A kula da ma'ajiyan ƙima (variables) masu alamar @: zaman gaba ɗaya ke raba su, kira na ciki zai goge ƙimar na waje. Waɗanda aka yi wa DECLARE ne kowane kira ke da nasa. Zurfin ma a riƙa miƙa shi daga kira zuwa kira. Kowane mataki kuma yana cin thread_stack, wato ƙwaƙwalwar da aka ware wa kiraye-kirayen, har kuskure 1436 kan iya riga 255 zuwa.

Idan karanta jerin kawai ake so, WITH RECURSIVE, wato tambaya guda mai bin jerin da kanta, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma yana tsayawa a mataki 1000 sai an canza cte_max_recursion_depth. Sai dai babu CYCLE mai gane zagaye irin wanda PostgreSQL 14, wata manhajar rumbun bayanai, ya kawo a 2021, dole ka tara lambobin da aka bi a ginshiƙi guda kana dubawa da FIND_IN_SET kafin kowane mataki. Wannan gibi ne da ya kamata a ce an cike shi tuni.