Ɗigon Ido Ko Maganin Jijiya?

Mai fama da zafin ido yakan fara da ɗigon da ke maye gurbin hawaye, kuma daidai ne. In bushewa ce kawai, ido kamar an watsa masa yashi, ɗigo kan kawo sauƙi nan take. Wanda zai ɗiga fiye da sau 4 a rana, ya nemi marar sinadarin benzalkonium, wanda ake sakawa don kada maganin ya lalace, domin yawansa na fusata ido.

Amma akwai wanda idonsa ke ci da wuta, iskar fanka ko hasken waya su sa shi runtsewa, likita ya duba ya ce ido fes yake. Wannan jijiyoyinsa ne ke aika saƙon ciwo ba gaira ba dalili, ɗigon hawaye kaɗai kuwa ba ya cika kwantar da su. Magunguna irin su gabapentin da nortriptyline kan kwantar da su, sai dai sukan ɗauki makonni, ga jiri da yawan barci, kuma sai da izinin likita.

Gwajin da likita ke yi don gano tushen ciwon mai sauƙi ne: a ɗiga maganin kashe zafi. In ciwon bai gusa ba, ya wuce saman ido. Irin wannan mara lafiya, a ganina, bai kamata a sallame shi da kwalbar ɗigo kaɗai ba. Sau da yawa biyun ake haɗa masa.