Bikin mutum 70 a saman bene: ra'ayina kan matar da ta shirya mana

Wata biyu kenan da bikinmu amma har yanzu ana turo min saƙo wai wace ce ta shirya mana, kuma wai da gaske mutum 70 kacal muka gayyata ko dai mai hoto ne ya iya yanke hoto. Da gaske ne wallahi. Ba zan kama sunanta ko na kamfaninta ba saboda akwai wuraren da zan yi ƙorafi kuma ba na so ya zama tonon silili, amma zan faɗi yadda aikin ya kasance tun daga farko don mai son irin wannan bikin ta san me za ta tarar.

Mu dai abin da muke so tun asali shi ne biki mara hayaniya a cikin gari, babu babban teburi da za a girke mu a kai kamar kayan kallo, babu MC mai ihu a makirfo, babu jerin jawabai guda goma sha, kawai mutanen da muka sani su zo a ci a sha a yi hira a watse. Na je wajen masu shirya biki biyu kafin ita, duk da na faɗi haka sai su ce to to sun gane, sannan su buɗe min waya su fara nuna min hol mai cin mutum 500 da fitilu masu juyawa. Ita kuwa ranar farko ko hoto ɗaya ba ta nuna min ba, biro ta ɗauka ta ce ƙanwata mutum nawa ne idan ba su zo ba za ki ji a ranki, ki rubuta min su yanzu ba tare da kin duba waya ba. Na rubuta 31. Ta ce ango ma ya yi haka, sauran gurbin na iyaye ne.

A nan rigimar take, don Umma da ta ji 70 sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce ke 'yar nan biki za ki yi ko taron mitin, ni in ce wa mutane me. Na rasa ta cewa. Matar nan da kanta ta zo gida, ta durƙusa ta gaida ta, ta ce Umma bari in yi miki lissafi ɗaya. Awa huɗu za a yi a wurin, minti 240 kenan, in an tara mutum 300 kowa bai samu ko minti ɗaya da amarya ba, sakan 48 ne, in kuwa 70 ne kowa yana da sama da minti uku kuma ke kanki za ki zauna ki ci abinci da 'yarki. Umma ba ta ce ta yarda ba, cewa ta yi Allah ya kyauta, amma washegari ta turo min sunaye 14 maimakon tulin da ta fara lissafawa. Ni a wajena wannan zuwan da ta yi gida shi kaɗai ya biya kuɗin aikinta.

Wurin da ta samo mana saman wani bene ne mai hawa shida a tsakiyar gari, gidan abinci ne a hawa na biyar sai filin sama da suke bayarwa haya. Abin da ya burge ni ta zo da tef ɗin awo ta auna filin da kanta ba ta tsaya jin ta bakin manaja ba, shi yana ta cewa ai yana ɗaukan mutum 120 cif. Ta ce a tsaye ko a zaune? Ya yi shiru. Filin murabba'in mita 120 ne, ita kuma lissafinta duk mutum ɗaya da zai zauna a teburi mai zagaye a ware masa wajen murabba'in mita 1.2 har da kujera da hanyar wucewa, to mutum 70 sun cinye 84 kenan, ragowar na teburin abinci ne da inda za a ɗan taka rawa da inda yara za su yi guje-gujensu. Teburan masu faɗin santimita 150 ta ɗauko guda tara, kowanne kujera takwas, ta ce ana iya cusa goma amma gwiwar hannu za ta dinga karo ana cin abinci kamar a motar haya. Mu ba mu da namu teburin, kujera biyu ta bari ana ja mana daga wannan teburi zuwa wancan, minti goma goma, cikin awa ɗaya da rabi mun zauna da kowa. Wannan tsarin ban taɓa ganin an yi ba kuma shi mutane suka fi yi min maganarsa daga baya, wata gwaggon ango har da ƙwalla wai rabonta da a zauna da ita a biki a tambaye ta jikinta ta manta.

Katin gayyata ba mu buga ko ɗaya ba sai guda goma na manya. A manhajar zane ta Canva ta tsara shi, ta sa lambar QR a ƙasa wadda in ka ɗauka da kyamarar waya take kai ka fom ɗin Google Forms, tambaya uku ce kawai, za ka zo, kai da wa, akwai abin da ba ka ci. Amsoshin suna zuba kai tsaye a Google Sheets ni da ita da ango duk muna gani. Na so in buɗe gurup a WhatsApp ta ce a'a, gurup yana cin mutum har 1024 kuma da an buɗe wani zai fara cewa a saka masa wane, daga nan 70 ta zama tarihi. Na ce to burodkas fa, wato tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa lokaci guda, ta ce shi ma iyakarsa mutum 256 wanda ya ishe mu amma sai wanda ya ajiye lambarki a wayarsa ne saƙon zai je masa, kinga dangin ango rabinsu ba su da lambata. Haka muka zauna muka tura ɗaya bayan ɗaya da sunan kowa a sama, ya ci mana yamma guda amma mutum yana jin shi aka gayyata ba fowadin aka yi masa ba. Ta haɗa da alamar wurin a Google Maps da hoton ƙofar shiga saboda benen ƙofa biyu gare shi.

Ajandar ranar daga baya ta faro ta. Ta duba ƙarfe nawa rana za ta faɗi a manhajar yanayi, ta ce awa ɗaya ta ƙarshe kafin faɗuwar rana ita ce hasken yake laushi ba ya sa mutum runtse ido ba ya jefa inuwa a ƙarƙashin ido, to a nan ta saka hotuna, sauran komai ya bi bayansa. Fitilu kuma ta dage sai masu ruwan ɗorawa, ta nuna min a jikin kwalin an rubuta 2700K, ta ce duk wanda ya kai 6000K fari ne fat zai mayar miki da biki kamar ɗakin asibiti kuma kwalliya ba ta fita a ƙarƙashinsa. Gaskiyarta, da magariba ta yi aka kunna su wurin ya yi kyau ba tare da wani dakoreshon na a zo a gani ba, furanni ma 'yan kaɗan ne a ƙananan kwalabe. Kyandir da na nace a saka kam iska ta kashe su cikin minti biyar, ta faɗa min tun farko saman bene ba ya rabo da iska na ƙi ji, wannan laifina ne. Ita dai ta zo da 'yan maƙalai ta kama rigunan teburan ta ƙasa shi ya sa ba su tashi ba.

Abinci kala uku ne kawai kowa ya zuba da kansa, ta janyo teburin daga jikin bango yadda za a bi ta gefe biyu, layin bai wuce minti goma sha biyar ba kowa ya samu. Ta sa an dafa na mutum 77, ta ce kullum tana ƙara kashi goma cikin ɗari, kuma sai ga shi mutum shida da ba sa cikin lis sun zo, an san hali. Ba ta kore su ba ba ta kuma zo ta dame ni ba, kujeru ta sa aka ɗauko daga ƙasa, ni sai da muka iso teburinsu na gan su.

Shawararta da na fi so ita ce kyamarar Instax Mini mai fitar da hoto a takarda nan take guda biyu da ta ajiye da wani littafi da gam, kowa ya ɗauki hoton kansa ya liƙa ya rubuta abin da ya ga dama. Hoton girman katin banki ne, yana fitowa fari sai a hankali fuskoki su bayyana cikin kamar minti ɗaya da rabi, manya ma tsayawa suke suna kallo kamar yara. Fakiti ɗaya hoto goma ne, mun sayi goma, sai dai babu wanda aka ɗora a kai, yaran yayata suka samu ɗaya suka ƙarar da fakiti uku a kan takalmansu da silin da wata kyanwa da ban san ta inda ta hau ba. In za ki yi ki ba babba ɗaya ya riƙe fim ɗin a aljihu.

To yanzu ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne. Bayan mun biya kafin alƙalami sai matar nan ta yi ɗif kusan sati uku, in tura saƙo safe sai dare ko washegari in ga amsa, amsar ma kalma biyu, ana kai. Na san tana da wasu bukukuwan amma amarya da ta zuba kuɗinta tana kwana tana tunanin ko an gudu ne ba abin wasa ba ne, har na fara cewa ango anya kuwa. Da na yi mata magana ta ba da haƙuri ta ce a wannan tsakanin babu abin da ake yi sai jiran amsar fom, to ai sai ki faɗa min haka tun farko Anti, layi ɗaya ne. Saura sati biyu kam ta dawo kamar ba ita ba, kullum sai ta kira.

Na biyu lifta. Ta auna fili ta auna teburi amma ba ta lura liftar benen mutum shida take ɗauka ba kuma ita kaɗai ce, sannan a hawa na biyar take tsayawa, hawa na ƙarshe da ƙafa ake yi. Mutane suka iso kusan lokaci ɗaya aka yi cincirindo a ƙasa, kakar ango da ke fama da gwiwa sai da samari biyu suka riƙe ta a matakala goma sha bakwai, na ƙirga su daga baya don haushi. Wanda sana'arsa kenan bai kamata wannan ya wuce shi ba, da an sani da an ce manya su riga zuwa da rabin awa ko a nemi wani wurin. Fakin ma haka, mota goma sha biyu wurin yake ɗauka, amma wannan ta faɗa a saƙon gayyata ta ce a haɗu a mota ko a hau tasi don haka ban riƙe ta da shi ba.

Na uku abin dariya ne yanzu amma a ranar kamar in nutse. Tunda ba mu ɗauki DJ ba sifika biyu aka haɗa da wayar ƙanina ta Bluetooth, shi kuma Bluetooth da ka wuce wajen mita goma sai ya fara yankewa, yaron nan ya saka wayar a aljihu yana zagaye kiɗa na tsayawa yana dawowa. Ana cikin haka Baba ya miƙe zai sa mana albarka wurin ya yi tsit, sai ga ƙarar kira ta cika sifika, abokinsa ne, kafin ya lalubo wayar kowa ya juyo yana kallonsa. Baba ya ce to a gaida shi, aka fashe da dariya. Ya kamata a ce akwai waya ko kwamfuta ta musamman da aka jona da kebul a ajiye kusa da sifikar a kashe mata kira, abu ne mai sauƙi kuma aikinta ne ta tuna.

A kwantiragi kuwa ku karanta da kyau, ni ban karanta ba sai ango. Abin da ta yi daidai ta sa an rubuta cewa in ruwa ya sauko za a ba mu ɗakin cin abincin na ƙasa ba tare da ƙarin kuɗi ba kuma ƙarfe biyu na rana za a yanke shawara, ba mu buƙace shi ba amma na yi barci saboda shi. Abin da ba ta fito ta faɗa da baki ba shi ne ƙarfe goma na dare dole a kashe kiɗa saboda maƙwabta, kuma duk rabin awa da aka ƙara wajen kwashe kaya akwai caji. Yana rubuce a shafi na uku da ƙananan haruffa, mun ƙara minti arba'in saboda mutane sun ƙi tashi hira ta yi daɗi, aka cire daga kuɗin ajiyar da muka bari.

Wadda take son shigowa da rakiya da hayaƙi da fitilu da kujerar sarauta kada ta je wajenta, za ku yi ta samun saɓani don ita abin da ta iya shi ne ragewa, kusan duk abin da na kawo sai ta ce wa zai tuna da wannan bayan sati ɗaya, in na rasa amsa ta soke shi. Ni na ba ta tauraro huɗu cikin biyar, ɗayan lifta da wancan shirun na sati uku suka cinye shi. Littafin hotunan yana wajen Umma, ta ce aro ta yi za ta nuna wa ƙawayenta da ba a gayyata ba, yau sati shida kenan ban gan shi ba.