Bokitin Veronica a ƙofar ofishinmu, bayan wata takwas

Ofishinmu na unguwar Aboabo a Kumasi ɗaki biyu ne, mu bakwai a ciki, muna yi wa 'yan kasuwar albasa da goro takardun kaya. Duk wanda ya shigo sai ya miƙa hannu, sai ya ari biro, sai ya jingina da tebur. Bara ciwon Apolo ya shigo mana. Masinjanmu ne ya fara zuwa da ido jawur, kafin mako ya zagayo mu huɗu mun kamu. Ni ce ta uku. Da asuba idona ba ya buɗuwa saboda kwantsa, sai na jiƙa shi da ruwan ɗumi. Abin da ya fi ƙona mini rai, na kai wa 'yata gida, ta yi kwana biyar ba makaranta.

Tun 1969 Gana ta san wannan ciwo, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, can ya samo sunansa. Har yau wasu na cewa kallon idon mai shi ke sa a kamu. Ba haka ba ne. Hannu ne ke ɗauko shi ya kai ido. Mu kuwa a lokacin roba ɗaya muke tsoma hannu kafin cin waken rana, tawul ɗaya a rataye bayan ƙofa.

Da na warke na ce wa maigidanmu, "Alhaji, a ba ni kuɗi in sayo bokitin Veronica." Irinsa muka yi amfani da shi a 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe Kumasi da Ankara, babban birnin Gana, mako uku, daga baya aka yi watsi da shi. Na shiga kasuwar Kejetia na sayo sabo: bokitin roba mai murfi, da famfo a gindinsa, da ƙafar ƙarfe, da baho na tarar ruwan dauɗa. Duka kuɗin bai kai abin da mu huɗu muka kashe a maganin ɗigawa ba. Sunan Veronica Bekoe ya ci, masaniyar kimiyya 'yar ƙasar nan da ta ƙirƙiro shi. Hikimarsa ɗaya ce, ruwan da ya taɓa hannunka ya wuce ke nan, ba zai taɓa na wani ba. Ga mu da famfon unguwa ke ɗaukewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Aibinsa famfon. Na roba ne, wata biyu ya fara ɗiga, muka wayi gari da ruwa kwance har ƙarƙashin kabad ɗin fayil. Sai da mai gyaran famfo ya sa mana na ƙarfe. In za ki saya, 'yar uwa, ki sa a zuba ruwa a gabanki, ki murɗa ki rufe sau da yawa, ki shafa ƙarƙashin bokitin ki ji ko da laima. Sannan da hannu mai datti ake buɗe shi, don haka muke goga wa kan famfon kumfa kafin mu ɗauraye.

Kuma bokiti ba ya cika kansa. Makon farko kowa na jiran kowa, bahon ya cika, sauro ya fara zagaye. Yanzu mun raba kwanaki, ni ke da Litinin da Alhamis: in cika, in zubar, in wanke cikinsa. Sabulun ruwa muka ajiye da tishu, tawul ɗin nan na ƙone shi da hannuna. Ana cuɗa hannu kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu.

Hunturun bana mura ta kama mutum biyu, ba ta zagaye mu duka kamar da ba. Alhaji ma ya yarda mai tari ya zauna gida ba a yanke masa albashi ba. Wani dattijo mai goro ya ɓata rai ranar da na nuna masa bokitin. Na ce, "Baba, ni ma yanzu na wanke, don jikokinka ne." Jiya da ya zo, kafin ya yi sallama na ji ƙarar ruwa a baho.