Shagon kwamfutar Dutse Alhaji da ɗaliban NOUN ke taruwa, ga yadda na same shi

Masu tambayata inda nake buga takardun karatu tunda na shiga NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, to wani shagon kwamfuta ne a Dutse Alhaji da ke Abuja, ba nisa da cibiyar karatun jami'ar. Ba zan kama suna ba, don kar a ce talla aka biya ni, kuma akwai abin da zan faɗa wanda ba zai yi wa mai shagon daɗi ba.

Aikinsu dai rajistar kwas da ta jarabawa, biyan kuɗi ta Remita (hanyar biyan kuɗi ta intanet), buga littafin kwas su ɗinke maka shi da roba, sai kwamfutoci da kake biya ka zauna ka yi TMA ɗinka, wato aikin gida da ake amsawa ta intanet a ba ka maki. Ta wannan ɓangaren gaskiya sun iya, yaron da ke gaban kwamfutar ya haddace lambobin kwas kamar karatun allo, kana cewa shekarar farko kake zai jero maka GST ɗin da ke kanka, wato kwasa-kwasan gama-gari da ake wajabta wa ɗalibai.

Wanda bai san tsarin ba zai ce me ya haɗa ɗan jami'a da zaman shago. Ai NOUN ba jami'ar shiga aji kullum ba ce, gwaji ne da aka kwaikwayo daga Ingila, inda suka kafa tasu a 1969 suna koyarwa ta gidan waya da rediyo da talabijin. Shagari ya kafa tamu a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, ta kwanta har sai da Obasanjo ya tashe ta a mulkinsa na farar hula, kuma shi kansa ya koma ɗalibinta har ya yi digirin digirgir. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021, hedikwata tana nan Jabi, kuma har a gidan yarin Kuje akwai masu karatu a cikinta kyauta. TMA uku ne a kowane kwas, maki 30, jarabawa 70, sauran kai da littafinka ne.

To amma jami'a ai ba littafi kaɗai ba ce. Iyayenmu da suka yi ABU in suka fara ba ka labarin hostel da tikitin abinci da zanga-zangar Ali Must Go ta 1978 da aka yi kan ƙarin kuɗin abinci da ɗaki har aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, sai ka ga mu ba mu da ko ɗaya, ba hostel ba kafteriya, wani ma sai ranar jarabawa yake fara ganin ɗan kwas ɗinsu. Riba ɗaya dai, yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 bai tsayar da karatun NOUN ba.

Nan ne shagon ya burge ni. Mai shagon ya jera bencina a bayan shago ƙarƙashin rumfar kwano, ya ja soket, kuma ba ya karɓar ko sisi a kai. Bayan Magariba sai ka ga wurin ya cika, ɗan sanda da kakinsa, nas da ta taso daga aiki, direban ma'aikata, wata Hajiya da goyo a baya tana jijjiga shi tana latsa amsa a waya da hannu ɗaya. Akwai wani dattijo da ya yi ritaya yana karanta sha'anin mulki, kowa Baba yake ce masa, shi kuma in lissafi ya ƙi sai ya juya ga wani yaro sa'an jikansa ya ce "Malam zo ka duba min nan," yaron ya ce "Haba Baba, ni ne malam?" a yi ta dariya. Mai shayin gefe ma ya samu kasuwa a dalilinsu. Wallahi abin da na gane a bencin nan ya fi wanda na gane ni kaɗai a ɗaki.

Sai matsalolin. Firintarsu in tawada ta yi ƙasa ba sa faɗa maka, an taɓa ɗinke min littafi guda rabin shafukan sun dusashe, teburan lissafin ma ba sa karantuwa, da na koma sai mai shagon ya ce "Oga ai haka ya fito daga intanet," da ƙyar ya sake buga min. Kuɗinsu ya ɗan ɗara na cikin kasuwa, kuma in aka ɗauke wuta aka tada janareta sai ya ƙara hawa. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne yaron shagon da ke gaban kwamfutar zai matso ya raɗa maka cewa in ka kawo wani abu za su yi maka TMA gaba ɗaya. Na ƙi, kuma na gaya wa mai shagon ido da ido, ya ce zai ja masa kunne, har yanzu dai ina jin ana raɗar.

Satin rufe rajista kar ka kuskura ka je da yamma don buga takarda, layi har bakin titi, ka je da safe, ka duba kowane shafi kafin a ɗinke, kuma kar ka bar lambar sirrinka a kwamfutarsu.