Wane littafin tarihin Katsina ya cancanci kuɗinka?

Ɗalibai da masu sha'awar tarihi a garin nan na Katsina suna yawan tambayata abu guda: idan kuɗin da ke hannu na littafi ɗaya ne ko biyu, wanne za a fara saya a kan tarihin Katsina da Daura, da yaƙe-yaƙensu, da matafiyan da suka ratsa ƙasar? Ni dai amsata kullum ita ce littafin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, The Transformation of Katsina 1400–1883, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buga a 1981.

Asalinsa kundin digirinsa na uku ne. Malam Bala haifaffen Musawa ne, a 1945, ya rasu a 2005, kuma ɗan gidan sarautar Katsina ne. Duk da haka ba za ka tarar da kirarin gida a littafin ba. Ya bi yadda birnin ya kafu ya bunƙasa tun zamanin Muhammadu Korau, yadda tsarin sarauta ya ɗaure birni da garuruwa da ƙauyuka wuri guda, yadda fatauci da malanta suka tara mutane iri-iri a cikin ganuwa, sannan yadda wannan tsari ya ruguje a lokacin jihadi. Da ka isa kan Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa da Malam Muhammadu Na Alhaji, za ka ga mutane uku ne masu tuta, kowa da jama'arsa da yankinsa, ba a dunƙule su an mayar da su suna ɗaya ba. Bai kuma bar waɗanda aka kora daga birni a bakin ƙofa ba, ya bi zancensu har Maraɗi.

Abin da ya fi ɗaga littafin a idona shi ne ya ƙi yarda da sassauƙan bayanin nan na cewa jihadi faɗan Fulani da Haɓe ne kawai. Ya nuna cewa a kowane ɓangare akwai mutane masu asali daban-daban, kuma abin da ya raba su ya shafi mulki da haraji da addini da zaman jama'a. Kuma duk inda ya faɗi magana yana nuna maka inda ya samo ta, ko rubutun Larabci ne, ko takardun Turawa, ko hira da dattawa. Wannan shi ne ma'aunina ga kowane littafin tarihi.

Masu karatu suna kuka da shi a kan abu biyu, kuma suna da gaskiya: Turancinsa na jami'a ne, ba a karanta shi a kishingiɗe, sannan samun kwafinsa na asali yana da wuya. Wanda ya daure ya wuce babin farko ba ya da-na-sani.

Na biyu a wurina shi ne littafin tafiyar Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim. An buga shi a Landan cikin juzu'i 5 tsakanin 1857 da 1858. Ya shigo Katsina a watan Janairun 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello, aka riƙe shi kwanaki ana ja-in-ja a kan kyauta, ya kuma dawo a 1853 kan hanyarsa ta Sakkwato da Tambutu. Ya ga ganuwa mai girman gaske da fili fetal a cikinta, ya ƙiyasta mutanen da suka rage ba su wuce dubu 7 zuwa 8 ba, domin ciniki ya koma Kano. Shi ne kuma ya yabi Hausar Katsina da cewa ta fi ta ko'ina. Akwai daɗin karatu sosai, amma a riƙa tuna cewa baƙo ne mai wucewa. Abin da ya gani da idonsa abin riƙewa ne, abin da aka ba shi labari kuwa sai an auna shi da na Malam Bala.

Wanda Hausa kaɗai yake karantawa, ko yake son abin da zai ba 'ya'yansa, ya nemi Tafiya Mabuɗin Ilmi na Alhaji Abubakar Imam, labarin zuwansa Ingila a 1943 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Imam tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne, ya kuma koyar a makarantar Midil ta garin nan, amma littafin na tafiya ne, ba tarihin Katsina ba. Labarun Hausawa da Maƙwabtansu ma yana da amfani a gida, Hausarsa gangariya.

Mutanen Daura suna da The Affairs of Daura na M.G. Smith, na 1978, wanda ya yi bayanin yadda sarautar ta rabu uku bayan jihadi, Daura da Zango da Ɓaure, har Turawa suka maido da tsohon gida a 1906. Katon littafi ne, na mai bincike. Rubuce-rubucen Palmer kuwa, Baturen mulkin mallaka, ban ba mafari shawarar su ba, domin shi kansa yana cikin masu naɗa sarki da tuɓe shi a Katsina. Littafin wani Bature Muffett na 1964 a kan yadda Turawa suka ci Kano da Sakkwato da Burmi a 1903 ba laifi, sai dai Katsina ba ta da babban kaso a ciki tunda ba a gwabza a nan ba. Littattafan janar-janar na yaƙin basasar 1967 zuwa 1970, kowa kansa yake wankewa.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato 'yan damfara.

Wani mai sayar da littattafai ta waya ya taɓa rantse mini cewa Barth ɗinsa cikakke ne. Da saƙo ya iso sai ga littafi ɗaya tal, taƙaitacce, babu taswira ko ɗaya, an zubar da rataye-ratayen da ke ƙarshe. Da na kira sai layi a kashe. Don haka, ɗan'uwa, ka sani: a bugun Landan mai juzu'i 5, zuwansa Katsina na farko yana juzu'i na 2, na biyun yana juzu'i na 4. Akwai wani bugun na Amurka mai juzu'i 3. Duk wanda ya miƙo maka siririn littafi ɗaya ya ce shi ke nan, ba shi ke nan ba ne. Masu sayar da shi a matsayin PDF ta WhatsApp kuma suna karɓar kuɗi a kan abin da yake kyauta a intanet, domin littafin ya haura shekara 160.

Na Malam Bala an fi cutar mutane a kansa saboda ƙarancinsa. Ana yin fotokwafi, a ɗinke, a sa masa bango mai kauri da rubutun ruwan zinare, a ce bugun Zariya ne. Ba na ƙin fotokwafi ga ɗalibin da ba shi da hali, in an gaya masa gaskiya an kuma sayar masa a farashin fotokwafi. Abin takaicin shi ne mai na'ura yakan tsallake shafuka don ya rage takarda, kuma waɗanda yake fara yarwa su ne na ƙarshe, inda madogarar take. Ka tsaya a gabansa ka bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya. Ka duba ko akwai baƙin inuwa a tsakiyar shafi, ko layin ƙarshe ya guntule, ko taswira ta zama baƙin tabo.

Akwai kuma ƙananan littattafan da ake bugawa dab da bikin naɗin sarauta, waɗanda ake ja wa gida salsala har ƙasar Larabawa ba tare da an ambaci ko dattijo ɗaya da aka ji daga bakinsa ba. Irinsu ne ake tsakurowa ana yaɗawa a Facebook da cewa Barth ne ya faɗa, ko Bala Usman ne ya rubuta. Ka tambayi mai yaɗawa lambar shafi, za ka ji shiru.

In ta waya za ka saya, ba a cinikin biri a sama. Kada ka tura ko sisi sai ya ɗauko maka bidiyo yana buɗa littafin, daga shafin da ke ɗauke da sunan maɗaba'a da shekara har shafin ƙarshe. In kuma da hali, ka kai wa wani malamin sashen tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ya duba maka kafin ka cika kuɗin.