Gidan uwa ko gidan uba: Minangkabau da Batak

A yammacin Sumatra, Indonesiya, 'yan Minangkabau Musulmi ne, amma gida da gonar shinkafa na kaka da kakanni ta wajen uwa ake gadonsu. Ango ne ke tarewa gidan amarya. In aure ya mutu, shi zai tattara komatsansa. Kawu ke da ta cewa kan 'ya'yan 'yar'uwarsa. Abin da mutum ya nema da guminsa kuwa, rabon gadon Musulunci ake bi.

Batak Toba da ke arewa da su, sunan dangi na uba ne, amarya ta koma dangin miji, ƙasa a al'ada ta 'ya'ya maza ce.

Ni dai tsarin Minangkabau ya fi kwanta mini a rai, don bazawara ba ta rasa ɗakin kwana, duk da cewa sarautar dangi har yanzu tana hannun maza.