Gidan Jaekel na Ebute Metta: masaukin reluwe da ya haura shekara 120 yana tsaye

Legas gari ne na yashi da ruwa, ba na dutse ba. Tsakuwar da ake zuba kankare da ita ma daga wajen Abeokuta da Ibadan ake kwaso ta. Shi ya sa tsofaffin gidajen garin galibi da jan bulo da farar ƙasa da katako aka yi su, kuma da an yi musu sakaci na 'yan damina sai su zube. Gidan Jaekel, da ke lamba 17 a Federal Road cikin harabar reluwe ta Ebute Metta, yana cikin 'yan kaɗan da suka tsira.

An gina shi a 1898, lokacin da ake shimfiɗa layin dogon da ya kai Ibadan a 1901, ya ƙarasa Kano bayan kimanin shekara goma. Da farko gidan babban manajan reluwe ne, daga baya ya koma masaukin manyan ma'aikata. Sunansa kuwa na Francis Jaekel ne, Baturen da ya daɗe yana aikin jirgin ƙasa a Najeriya har ya rubuta tarihinsa. A 2010 ƙungiyar kare kayan tarihi mai suna Legacy 1995 tare da Farfesa John Godwin, masanin zanen gine-gine, suka gyara shi aka mayar da shi ƙaramin gidan tarihi.

Kayan da ke ciki ba su da yawa: tsofaffin hotuna da kayan aikin ma'aikatan jirgi, awa ɗaya ta isa a gama kallo. Bahaushen da kakansa ya yi fataucin goro ko ya sauko da shanu ta tashar jirgin ƙasa ta Iddo zai ji daɗinsu, yara kuwa sai su ƙosa da wuri. Ginin kansa shi ne abin zuwa gani, musamman ga magina da masu kula da tsofaffin gidajen haya a Isale Eko ko Agege.

A fara da baranda. Faɗinta ba don ado ba ne, ita ke hana ruwan Yuni da Yuli dukan bango, ta kuma tare rana. Tagogi masu yawa da rufi mai tsayi suna barin iska ta ratsa, katako ya bushe. Wanda ya toshe irin waɗannan tagogi don ya sa na'urar sanyaya ɗaki, ya bar bututunta yana ɗiga a jikin bango, da hannunsa ya kira gara.

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan gini shi ne filastar siminti. Tsohon bulo yana tsotsar danshi daga ƙasa, ya fitar da shi ta jikin farar ƙasa. Da an rufe shi da siminti ko fenti mai mai, danshin ya rasa mafita, sai ya hau sama har kusan mita ɗaya, farin gishiri ya fito, filasta ta kumbura, bulo ya zama gari a ciki alhali waje sumul. A ƙwanƙwasa da ƙotar sukundireba, inda ya yi ƙarar ganga to ya rabu da bango. Gyaransa da farar ƙasar gini ake yi, wadda magina ke kira laim: a jiƙa garinta a durum aƙalla kwana ɗaya, a haɗa kwano ɗaya da kwano uku na yashi mai kaifi. Yashin bakin teku sai an wanke shi, don gishirinsa zai dawo da cutar. A yayyafa wa bangon ruwa, a shafa bai wuce kaurin santimita ɗaya ba, a rataya jiƙaƙƙen buhu ya kare shi daga rana, a ba shi kwanaki kafin shafi na biyu. Magini mai sauri ba ya son wannan aiki, shi ya sa yakan ce siminti ya fi ƙarfi. Ya fi ƙarfin kam, har ya fi ƙarfin bulon.

Katakon bene kuma daga kansa da ya shiga bango yake fara ruɓewa, can za a soka ƙusa a gani. Indararo a share shi kafin ruwan Afrilu, kuma kada a ɗaga daɓen tsakar gida ya haura gindin bango.

Wani tsohon gida mai suna Ilojo Bar, kusa da dandalin Tinubu a Legas, an gina shi a 1855, an sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956, amma aka rushe shi a Satumbar 2016. Gidan Jaekel kuwa yana da masu kula da shi, kuma ana shiga ana fita.

Mai zuwa daga Yaba ko Oyingbo ya bi Murtala Muhammed Way ya shiga harabar reluwe. Gara a tuntuɓi masu kula da gidan tukuna, don akan kama filinsa domin biki ko ɗaukar hoto, kuma da safe a ranar aiki ya fi shiru.